Gidan da Ba a Sifaniyanci

Masu karatu, kafin ku ci gaba da jifana a ƙasan shafin nan, ku bari na faɗi laifina da bakina. Wata baiwar Allah ta rubuto mini ta ce, "Mariona, ke kika jawo wa kanki." Ban musa ba, 'yar'uwa, ni na jawo. Amma gyara zama ki ji yadda aka yi, in ya so sai ki ƙara dutse.

Don waɗanda yau suka shigo, ni ce Mariona ta gidan Can Rovireta, shekarata ashirin da bakwai, ni kaɗai Baba da Mama suka haifa. A wajenmu in gida ba ɗa namiji, babbar 'ya ce magajiya. Gona da shanu arba'in da tsohon gidan dutsen nan duk a wuyana za su sauka, kuma duk wanda ya aure ni shi zai tare a gidanmu, ba ni zan bi shi ba. Da safe ina shagonmu na cuku a cikin garin Olot, a yankin Kataloniya na ƙasar Sifen. Da la'asar sai na ja ƙofa, na shige ɗakin ajiya na bayan shago, na ɗora kwamfuta a kan kwali ina koyar da mutanen ƙasashen waje Sifaniyanci. Kakata kuwa, Kaka Remei, wadda har yau mabuɗan gidan suke ɗaure a ƙugunta, ita dai ta san Turanci nake koyarwa. Wannan ita ce ƙaryata ta farko.

A ɗakin ajiyar nan na san Simiyu. Likitan dabbobi ne a Kitale ta ƙasar Kenya, yana son zuwa ƙaro karatu, shi ya sa ya nemi malama. Shekara ɗaya da rabi, duk Talata da Alhamis. Mun fara daga "sunana wane" da "ina tashar jirgi", sannu a hankali muka gangara zuwa maganganun da babu su a littafin darasi. Ban taɓa ganinsa ido da ido ba, amma na san yadda yake sosa gira in kalma ta ɓace masa, kuma ranar da bai zo darasi ba cukun ma ɗaci yake mini.

Wata Talata a watan Afrilu ina naɗe wa wata mata cuku, wayata ta yi ƙara, saƙon Simiyu ya shigo.

"Malama, an ba ni hutun sati biyu a watan Yuni. Ina son inda zan sha Sifaniyanci safe da yamma har na fara mafarki da shi. Zaɓar mini ɗaya: Salamanca, Sevilla, ko ƙauyenku."

Gabana ya yanke ya faɗi. Matar tana jiran canji, ni ina rubuta masa amsa.

"Salamanca. Can ake yin tsantsarsa, karnukansu ma da shi suke haushi. Zan zo na same ka."

"Ƙauyenku fa?"

"Ba komai a nan sai kashin shanu da tsofaffi."

"Kin manta sana'ata? Kashin shanu ai turarena ne. Tsofaffi kuwa su suka iya harshe."

"Simiyu, na gaya maka muna da namu yaren. Katalanci muke yi."

"Mu ma haka. A gida Bukusu, a kasuwa Suwahili, a ofis Turanci. Kakata ba ta taɓa korar baƙo don ya yi mata Suwahili ba. Ai dai duk kuna jin Sifaniyanci ko?"

Na daɗe ina kallon tambayar nan. Sannan na rubuta, "Muna ji."

Bayan kwana biyu ya turo mini hoton tikiti, da fuskar dariya har guda biyar.

"Muna ji" ba ƙarya ba ce, amma gara ƙarya da ita. Kowa a gidanmu yana ji. Abin da ban gaya masa ba shi ne, a Can Rovireta ba a yi. A tsakar fili ka yi abinka, a garken shanu ka yi, amma da ka taka dutsen bakin ƙofa sai ka ajiye shi a waje tare da takalmin taɓo. Likita in ya zo duba Kaka ya sani, limamin coci ya sani, talabijin ɗinmu ma tasha biyu kawai ya sani.

Kada ku ce ƙin baƙi ne. Mijin 'yar ƙanen Baba mutumin Gambiya ne, Ebrima, Katalanci a bakinsa kamar a nan aka yanke masa cibi, Kaka cinyar kaza take ɓoye masa. Abin ya fi haka tsufa. Kaka tana 'yar shekara tara, zamanin mulkin soja, lokacin da ake zane yara a makaranta in sun yi yaren gida, jandarmomi uku suka zo da tsakar rana. Uwarta ba ta jin Sifaniyanci. Kaka kuwa ita ce ta ɗaya a ajinsu. Ɗaya daga cikinsu ya durƙusa, ya ba ta alawa, ya yaba mata iya Sifaniyanci, ya ce, "'Yan mata, ina babanki?" Ita kuma da murnar an yabe ta, ta ce yana rumbun ciyawa. Wai burodi yake kai wa masu ɓuya a kan dutse. Suka tafi da shi a ƙasa, hannu ɗaure, bai sake dawowa ba. Ba daga bakinta na ji labarin ba, ba ta taɓa faɗa ba. Baba ne ya gaya mini sau ɗaya, muna tatsa, bai ko ɗago kai ba.

Matar nan ita ta raine ni. A ɗakinta nake kwana har na kai shekara goma sha biyu. Kuma Kaka in tana sonka zaginka take. "Ke akuya, tsawo ba hankali, zo ki ci kafin ya huce." Haka take tashina kullum. Ranar da ba ta ce mini akuya ba, to ba ta da lafiya.

Simiyu ya sauka a tashar Olot ranar Litinin da azahar. Sau uku na canza kaya, na ƙare a koriyar rigar nan mai maɓallai a gaba, na sa 'yan kunnen Mama ba tare da na tambaye ta ba. Yana saukowa daga mota na ga ashe kwamfuta ta cuce ni, ta rage masa tsawo. Shuɗiyar kwat, jaka ɗaya, ɗan littafin rubutu a aljihun gaba. Ya tsaya a gabana ya ce, "Barka da rana, Malama, na zo darasi." Na buɗe baki na amsa sai hawaye. Ni da nake wa masu kuka a tasha dariya!

Na kama masa ɗaki a masaukin ƙauyenmu. A gida kuwa na ce wani ɗalibina ne ya zo hutu. Ƙarya ta biyu ke nan.

Kwana ukun farko ban san dariya zan yi ko kuka ba. Mutum ya tsallako teku don ya yi Sifaniyanci, ya shiga gidan burodi ya jero gaisuwarsa tsaf, yarinyar ta dube shi ta amsa masa da Turanci, don ita ma tana son gwada nata. Ya zauna wajen tsofaffi masu karta, suka yi masa Sifaniyanci na minti biyu don kara, da wasa ya yi zafi suka koma yarensu suna zagin juna. Yana ta rubutawa a littafi. Da yamma ya nuna mini, rabin kalmomin ba na Sifaniyanci ba ne, kuma uku daga ciki ba sa faɗuwa a gaban manya.

"Malama, ko dai wata ƙasa jirgin ya sauke ni?"

"Ai na ce maka Salamanca."

"A Salamanca akwai ke?"

"Da na zo."

"Da kin zo ke kaɗai. Ni gidanku nake son gani." Ya rufe littafin. "Yaushe zan gai da Kaka?"

Na ce ba ta jin daɗi, sanyi ya kama mata ƙafa. Ta uku.

To ramin ƙarya ƙurarre ne. Ranar Juma'a da hantsi saniyarmu mai farin goshi ta fara naƙuda, ɗan ya zo a juye. Likitan shanunmu yana can wani kwari, ya ce sai nan da awa uku. Baba ya cire hula ya mayar, ya sake cirewa. Saniyar ta kwanta, idonta ya fara juyawa. Ban yi shawara da kowa ba na kira Simiyu.

Da gudu ya hawo tudun. Bai gai da kowa ba, ya tuɓe riga, ya nemi sabulu da igiya, ya zura hannu har kafaɗa. Kusan awa guda yana fama, yana yi wa saniyar magana da yarensu a hankali, Baba yana riƙe da wutsiya. Da ɗan maraƙin ya faɗo kan ciyawa ya yi atishawa, sai na ji Baba ya saki wata dariya da rabon da na ji ta tun ina makaranta. Simiyu ya miƙe, jini da majina har wuya, ya juyo gare ni baki har kunne. Gashina ya manne a goshi don gumi. Sai ya sa bayan hannunsa mai tsabta ya gyara mini shi, a hankali, kamar ya saba.

Ƙofar garken a buɗe take, tana kallon gida. Na ɗaga ido. Labulen tagar Kaka ya motsa, ya koma.

Baba bai ga komai ba. Ya dafa kafaɗar Simiyu ya ce masa da Sifaniyanci, tunda a waje muke, "Likita, jibi Lahadi ka zo mu ci abinci. Ba na son musu."

Mama ta ritsa ni a kicin ina wanke hannu. Ta rufo ƙofa.

"Ɗalibi ko?"

"Ɗalibi ne mana, Mama."

"Ɗalibi ne yake gyara miki gashi? Ni ma na yi makaranta, ban ga wannan darasin ba. Kuma ki cire mini 'yan kunnena." Ta rage murya. "Yana jin yarenmu?"

"Ya iya 'ina kwana'."

"Wayyo ni Roser." Ta zauna a kan kujera. "Kin san kakarki ta gama magana da uwar Ferriol tun bikin Ista? Gonarsu na jikin tamu, yaron ya yarda ya tare. Ke kuma kin je kin ɗauko mana wanda zai buɗe baki a kan teburinta da... Me kika koya masa ma tukuna? Ba Turanci kika ce ba?"

Na ci gaba da wanke hannu. Mama ta dube ni, ta dube ni, ta sa hannu ta rufe bakinta.

Da daddare Kaka ba ta ce komai a kan abin da ta gani ba. Ta ce mini akuya kamar kullum, ta ce na zuba gishiri kamar mai jin haushin miya. Sai da za ta hau sama ta tsaya a matakala ta ce wa Mama, "Roser, gobe ki sauko da fararen farantai, ki wanke. Muna da baƙo." Mu a farantan ƙasa muke ci, jajaye, kowa ya san nasa. Fararen masu bakin zinariya rabon da a sauko da su tun rasuwar Kakana.

Asabar da safe daga shago na kira Gwaggo Assumpta, ƙanwar Baba da ke garin Sabadell. Ita kaɗai ta taɓa bin hanyar nan. Na zayyana mata komai. Ta bari na gama, ina jin ƙarar cokalinta a kofi.

"Fararen farantai ta ce?"

"E, Gwaggo."

"Hm. Saurara, 'yar nan. In ta zage shi, ki gode wa Allah. In ta jefe shi da cokali, ki je ki auna rigar aure. In ta kore shi da yarenmu, ya dawo jibi, za ta buɗe. Amma in kika ga ta yi murmushi ta yi masa Sifaniyanci, to an rufe littafi."

"Ta taɓa yi ne?"

"Wa kike tambaya? Na kawo mata Eusebio, direban babbar mota, mutumin kudu, wajen masu Sifaniyanci. Awa biyu tana masa hira, ya fito yana cewa bai taɓa ganin tsohuwa mai kirki irinta ba. Ni na yi gum a teburin, ban ce uffan ba. Bayan wata ɗaya na bi shi. Da na haihu na ɗauko jaririn na zo, na ce ai jika ba ya laifi. Ta buɗe ƙofa, ta ce mini, 'Sannu da zuwa, Malama, wa kike nema?' Da Sifaniyanci. Uwar da ta haife ni." Na ji ta ajiye cokalin. "Shekara talatin da ɗaya. Tana gaishe ni, tana tambayar yara, ba ta taɓa ɗaga mini murya ba. Na rantse miki, Mariona, zan ba da duk abin da na mallaka ta ce mini jaka sau ɗaya kafin ta mutu."

Na ajiye waya.

Da yamma na ja Simiyu bakin rafi, na ce yau sabon darasi za mu yi. Na rubuta masa jimla goma na Katalanci. "Na gode." "Abincin ya yi daɗi." "Allah ya ƙara lafiya." Na ce su kaɗai zai faɗa gobe, sauran lokaci ya cika bakinsa da abinci.

Ya karanta yana dariya, harshensa na tuntuɓe. "Haba Malama, ba a fafe gora ranar tafiya. In yi wa tsohuwa gwaranci kamar ɗan yaye? Za ta ce jikarta ta kawo wawa." Ya zaro littafinsa, ya buɗe shafin ƙarshe. Rubutu ne cike, an goge an sake, an goge an sake. "Wata shida ina shirya wannan. Ban nuna miki ba don kada ki gyara, so nake ya zama nawa. Gobe zan tashi a gaban kakarki da babanki na faɗa."

Masu karatu, ga wurin da ya kamata na buɗe baki. Na sani. Rafin na gudu, ba kowa, yana riƙe da hannuna. Amma in na faɗi ɗaya sai na faɗi duka: cewa na ɓoye shi, na kira shi ɗalibi, na ɗora wa Kaka ciwon ƙafa, ga kuma wani Ferriol da ake auna masa ɗakina. Na dubi shafin nan da ya sha gogewa, na ji tsoro ya kama ni, tsoron kada ya dube ni da wani ido. Na ce a raina wataƙila ta zage shi. Wataƙila ɗan maraƙin ya cece mu. Abin da na ce masa kawai shi ne, "Ka bari sai an ci abinci."

Lahadi. Tun safe gidan yake ƙamshin gasasshiyar kaza da albasa. Mama ta shimfiɗa farin mayafin tebur mai aikin hannu. Farantai huɗu na ƙasa, fari ɗaya a kujerar da ke kallon ƙofa. Baba ya sa rigar zuwa coci, sai yanzu ya gane abin da ya gayyato, yana ta zagaye kamar kazar da ke neman wurin ƙwai. Kaka ta sauko ƙarfe ɗaya daidai, cikin baƙar rigarta ta siliki mai dogon hannu, da 'yan kunnen baƙin dutse, gashinta a naɗe tsaf. Ta dube ni sama da ƙasa. Ban ji akuya ba.

Aka ƙwanƙwasa. Na yunƙura, ta ɗaga mini hannu. Da kanta ta taka, tana dogara sanda, ta buɗe.

Simiyu na tsaye da farar riga da furanni, da ƙunshin ganyen shayin ƙasarsu. Ya rusuna. Allah sarki, ya ma yi ƙoƙari, ya ce mata "ina wuni" da Katalanci, yadda na koya masa. Zuciyata ta ce, zage shi, Kaka, don Allah zage shi, ce masa ya taka miki dutse da takalmi.

Kaka ta yi murmushi. Ta buɗe baki, Sifaniyanci ya fito, tsantsa, irin na littattafan da, ba ko gargada.

"Maraba da Likita. Gidan nan ya yi farin ciki da zuwanka. Bismillah, shigo, kada ka wahalar da kanka da yarenmu na ƙauye."

Cokalin miya ya suɓuce daga hannun Mama ya faɗi. Tunda aka haife ni ban taɓa jin wannan muryar ba. Ta fi tata laushi, ta fi tata ƙuruciya, kuma tsigar jikina ta tashi.

Simiyu ya waigo ya dube ni, idonsa na ƙyalli, wai kin ga abin da nake faɗa.

Awa ɗaya da rabi tana masa hira. Ta tambayi mahaifiyarsa, ta tambayi ruwan sama a Kitale, da irin shanunsu, da abin da suke ba maraƙi in uwar ba ta da nono. Ta gyara masa kalma biyu cikin ladabi, ya zaro littafi ya rubuta. Ta yaba masa aikin Juma'a. Ita ta zuba masa miya da hannunta. Mu uku kuwa ba wanda ya ce ƙala. Baba yana kallon farantinsa, Mama tana yanka burodin da ba mai ci. Ni kowace loma sai na kora ta da ruwa.

"Wannan ne darasin da na zo nema," in ji Simiyu. "Kwana shida ina yawo a ƙauye, ashe malamar tana nan."

"Ka yi mini karamci, Likita," in ji Kaka.

Da aka kawo kaza ya ajiye cokali, ya goge baki, ya miƙe tsaye. Na taka masa ƙafa a ƙarƙashin tebur. Ya ɗauka ƙarfafa shi nake.

"Kaka, Baba, Mama. Ni baƙo ne, na zo da hannu biyu da sana'a ɗaya. A wajenmu ba a shiga gidan mutane ta taga, shi ya sa na zo ta ƙofa. Ina son 'yarku Mariona, kuma ina neman izininku." Ya sosa gira, ya ci gaba. "In kun ji maganata ta fito daidai, ba ni za ku yaba ba. Duk kalmar da ke bakina ita ta sa mini, ɗaya bayan ɗaya, shekara ɗaya da rabi. Ba malamar Sifaniyanci kamarta a duniya."

Kaka ta juyo gare ni, murmushin na nan a fuskarta, ta ce da yarenmu, a hankali, "Ashe Turancin ke nan."

Sannan ta koma gare shi da waccan muryar. "Ka yi magana mai kyau, Likita, kuma ka girmama mu. Zauna, kada naman ya huce. Maganar 'yar gida, gida ne yake yin ta."

Ya zauna yana sauke numfashi, ya kamo hannuna a ƙarƙashin mayafin tebur ya matse. Murna yake. Wayyo, murna yake.

Kaka ta tura mini akushin kaza, ta ce da Katalanci, kamar mai cewa a miƙo gishiri, "Sa masa cinya, hanyarsa da nisa. Akwai mota ranar Talata, babanki zai kai shi tasha. Laraba ki sa rigar nan taki ki je ki gai da uwar Ferriol. In kin yi haka, ban ji komai ba yau, kuma ɗakin bayan shago ban san da shi ba."

Ta buɗe mini ƙofa ke nan, ku gane. Kaka ba ta taɓa yi wa kowa irin wannan rangwamen ba. Mama ta ɗago ta dube ni, idonta na roƙo. Baba ya ce, "Mama, don Allah..." ta ɗaga yatsa ɗaya, ya haɗiye sauran.

Simiyu ya dubi wannan, ya dubi wancan. Fara'arsa ta ɗan ragu. Ya sunkuyo ya ce mini, "Me ta ce?"

Da na ce masa "wai ka ci cinya", da an wuce wurin. Da Turanci ma zan iya amsa masa, ba dokar da ta hana. Ƙarya ta huɗu tana kan harshena, a shirye, ba ta ko da nauyi. Na dubi mutumin nan da ya bar Salamanca don ya ga gidanmu, yana jiran malamarsa ta fassara masa, don bai taɓa zaton za ta ba shi fassarar ƙarya ba. Da wane harshe muka san juna ni da shi? Ba mu da wani. Na ji bakina ya buɗe, a ƙarƙashin rufin Can Rovireta, a kan teburin Kaka, da Sifaniyanci.

"Ta ce ka tafi ranar Talata, ni kuma na auri maƙwabcinmu. A gidan nan ba a yin harshen nan, Simiyu. Wanda duk ta yi wa shi, sallamarsa take. Tun daga bakin ƙofa ta sallame ka. Na sani tun kafin ka sayi tikiti, ban gaya maka ba. Na ce musu kai ɗalibi ne kawai. Ba ɗalibi ba ne kai." Na juya na kalli Kaka, ban canza harshe ba, don na san in na canza zan durƙusa. "Shi nake so."

Mama ta fashe da kuka. Hannun Simiyu ya yi sanyi a cikin nawa, amma bai saki ba.

Na jira. Na ce yanzu za ta ɗaga sanda. Yanzu za ta ce akuya, jaka, marar kunya, 'yar da ta ci amanar gida. Allah ya sani da ta kwaɗa mini sandar nan a ka da na sumbaci hannunta.

Kaka ta dafa tebur ta miƙe. Ta taka a hankali zuwa kabad, sandarta na buga ƙasa, ta ɗauko farin faranti mai bakin zinariya, ta goge shi da gefen mayafi. Ta zo kaina. Ta ɗauke jan farantina, wanda nake ci a ciki tun ina 'yar shekara biyar, mai ɗan tsaguwa a baki, ta miƙa wa Mama. Ta ajiye farin a gabana, ta gyara masa zama.

"A ƙara miki nama, Malama?" ta ce da Sifaniyanci, tana murmushi. "Ki ci sosai. Ƙarfe nawa motarku take tashi ranar Talata?"